Haƙori Ɗaya Baya

Ku da kuka dame ni da tambaya ko Mai Kemis ya taɓa ganin faratana, to ku gyara zama. Ranar Asabar ya gani. Ba faratan kaɗai ba, har gwiwar hannu, baƙi ƙirin da mai, kuma a gaban Umma.

Bari in ɗan koma baya saboda waɗanda yau suka fara karanta ni. Ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da huɗu. Babana bakanike ne, garejinsa manne yake da gidanmu, ƙofar ƙarfe ɗaya ce tsakanin tsakar gida da inda ake kwance motoci. Tun ina ƙarama nake ɓacewa ta ƙofar nan, a yi ta nema, ƙarshe a same ni a ƙarƙashin mota ina leƙen abin da ba a aike ni ba. Shi ya sa Baba yake kirana Goma, wai ni da sifana lamba goma halinmu ɗaya, duk sa'ad da ake nemanmu ba ma inda aka ajiye mu. Umma ba ta taɓa kirana da sunan nan ba. Auta take cewa, in kuma ranta ya ɓaci, "ke".

Shekara biyu ke nan hannun Baba na dama ya fara rawa. Da farko sai in ya ɗauki kofin shayi ake lura. Yanzu ko noti ba ya iya ɗaurawa. Kunnensa yana nan garau, mota na shigowa layinmu zai gaya maka ciwonta kafin ta tsaya, amma hannun ya ƙi. Sai muka tsara abinmu. Mai mota ya kawo, Baba ya saurara, ya ce a dawo da yamma. Ana tafiya a ja ƙofar gareji, in fito daga cikin gida, Baba na kan kujerarsa ta roba yana faɗa, ni ina yi. Mu huɗu muka san wannan: ni, Baba, Umma, sai Yayata da ke aure a wata unguwar. Baba bai taɓa ce mini in ɓoye ba. Amma na ga yadda yake cusa hannun a aljihu da zarar baƙo ya shigo, wannan ya ishe ni.

Ita Umma dalilinta daban ne. Kullum maganarta ɗaya: "Wane namiji ne zai kai wa uwarsa mace mai warin baƙin mai?" A ɗakina akwai man shafawa kala huɗu, da burushin goge farce, da wani sabulu mai yashi-yashi da Yaya ta aiko. Duk yamma sai Umma ta kama hannuna ta juya shi gaba da baya kamar mai zaɓen kaya a kasuwa, ta yi tsaki ta sake.

Shi kuwa Mai Kemis, a shagonsa nake karɓo maganin Baba duk wata. Dogo ne, mai tabarau, yana magana a hankali kamar yana karanta bayanin da ke jikin kwalba. Wata biyar ke nan muna tare, ya zo ya gaida su Baba sau uku, Umma ta riga ta gama saka shi a addu'arta. Da ya tambaye ni abin da nake yi, ce masa na yi ina taya aiki a gida. To ƙarya na yi? Ku faɗa tsakaninku da Allah.

Ranar Asabar, takwas da 'yan mintuna, ina shara sai wayata ta yi ƙara.

"Barka da safiya, ranki ya daɗe. Baba yana gareji yau? Motata ce ta fara wani hali tun shekaranjiya."

Na rubuta: "Wane irin hali?"

"Ba ta da ƙarfi. In na taka sai ta yi tunani kafin ta amsa. In na tsaya kuma sai ta riƙa kakkarwa kamar mai zazzaɓi."

Wallahi ban san lokacin da yatsuna suka rubuta "Tana wahalar tashi da safe? Tana shan mai fiye da da?" ba. Na tsaya na kalli abin da na rubuta. Na goge. Na tura: "Ayya. Allah Ya sawwaƙe."

Umma na jin zai zo gidan ya rikice. Ta fito mini da doguwar rigata ruwan zuma, mai dogon hannu da ƙananan duwatsu a wuya, wadda sau ɗaya na taɓa sakawa. Ta zaɓi mayafi da kanta, ta fesa mini turare har sai da na yi atishawa. Sannan ta ɗaga yatsa.

"Ruwa za ki kai musu, ki gaishe shi, ki dawo. Babanki zai ce ya bar motar ya dawo da yamma, kamar kowa. Ko kallon motar kada ki yi. Kin ji ni?"

"Na ji, Umma."

"Ba ki ji ba. Na san idonki."

Ina ɗaki na jiyo motar tun daga bakin layi. Ta shigo tana tari-tari, ƙarar ta yi nauyi kamar wadda aka toshe wa hanci. A raina na ce, fulogi ne? A'a, fulogi ba ya wannan kasalar. Na matsa jikin taga. Can na ji muryar Baba.

"Kashe ta haka. Tayimin ne, lokacin inji ya saɓa."

Na ɗauki farantin ruwa na fita. Mai Kemis na tsaye a gefen mota cikin farar riga mai gajeren hannu, fes da shi, kamar ba gareji ya zo ba. Ya amsa gaisuwata yana murmushi, ya juya wurin Baba.

"A gida ma an ce mini bel ne, Baba. Ga sabo nan a but, har da sauran kayansa."

"Madalla. Bar ta, ka dawo bayan la'asar."

"Ai yau na bar wani a shago. In ba damuwa zan zauna in gani. Ni ban taɓa ganin cikin inji ba."

Farantin da ke hannuna ya yi nauyi. Na kalli Baba. Baba bai kalle ni ba. Sai ya ce, "To." Ya miƙe, ya buɗe bonet da hannun hagu, ya je akwatin kaya ya ɗauko sifana. Ya fito da hannun dama daga aljihu.

Kan batir kawai zai cire. Noti ɗaya, abin da ya yi sau dubu nawa a rayuwarsa. Ya ɗora sifanar, sai ta fara buga jikin notin, ƙar-ƙar-ƙar, garejin duka ya ɗauka. Ya ɗaga, ya sake ɗorawa. Ƙar-ƙar-ƙar. A na uku ta suɓuce ta faɗa cikin inji, ta fito ta ƙasa ta gangara har gaban takalmina.

Mai Kemis ya mai da ido kan wani tsohon kalanda da ke bango, yana karantawa kamar yau aka buga shi.

Ni ban yanke wata shawara ba, kada ku ɗauka jarumta ce. Na ga bayan wuyan Babana ya jiƙe da gumi, shi ke nan. Na ajiye farantin a kan durom, na sunkuya na ɗauki sifanar.

"Baba, zauna. Ka faɗa, in yi."

Rigar aikin Baba ta da tana rataye a ƙusa, shuɗiya, gwiwarta duk faci. Na zura ta a kan rigar ruwan zumar, na naɗe mayafina na ɗaure shi ta baya, na naɗe hannun riga. Ina juyowa sai ga Umma a bakin ƙofar ƙarfe, ta dafe ƙirji.

"Ke!"

Baba ya zauna a kujerarsa a hankali. Bai ɗaga murya ba. "Bar ta," ya ce.

Ƙofar ta rufu da ƙarfin da sai da kalandar ta motsa.

Ban yarda na kalli Mai Kemis ba. Na cire kan batir. Na sa jak na ɗaga gaban motar ta dama, na tura ƙarfen tokara, na cire taya. Na sa wani jak ɗin da guntun katako a ƙarƙashin inji ya riƙe shi, don dole in kwance ƙafar da injin ke zaune a kai kafin bel ya samu hanyar fita. Na cire bel ɗin waje, na cire fulogi huɗu na jera su a kan tsumma. Sai da na kai hannu kan murfin robar da ke rufe da bel ɗin tayimin na ji numfashi a bayana.

"Me ya sa kika cire waɗancan?" Mai Kemis ne, fulogin yake nunawa.

"Don injin ya yi sauƙin juyawa da hannu."

"Da hannu ake juya shi?"

Na ɗago. Ya durƙusa a kan simintin nan mai maiƙo da farin wandonsa, ya tura tabarau sama, bakinsa a ɗan buɗe. Na nemi raini a fuskarsa ban gani ba. Na nemi tausayi, shi ma babu. Son sani ne tsagwaronsa. Kun san halina, in aka tambaye ni abin da na sani, bakina ba ya birki.

"Matso ka gani. Fistin yana can ƙasa, yana hawa yana sauka. A samansa akwai bawul, ƙofofi ne, wata ta shigo da iska da mai, wata ta fitar da hayaƙi. Wuri ɗaya suke shiga, sai dai ba lokaci ɗaya ba. Ga faifai a ƙasa mai juya fistin, ga faifai a sama mai buɗe bawul. Bel ɗin nan mai haƙora shi ya haɗa su, don kowa ya san lokacinsa."

"In ya tsinke fa?"

"Kana cikin gudu? Su yi karo. Bawul ya lanƙwashe, sai an sauke kan inji gaba ɗaya."

"Subhanallah. A kan wannan 'yar robar nake yawo?"

"Kai da kowa."

Baba ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ta farko tun safe.

Tun ina kwance notunan murfin wani abu ya tsaya mini a rai. Injin duk ƙura ce da tsohon mai, amma kawunan notunan nan fes suke, kuma ba su yi mini gardama ba. An taɓa su kwanan nan. Na ɗora soket, sifanar nan mai rufe kan noti, a kan babban notin faifan ƙasa, na fara juya injin ta hannun dama a hankali, har alamar da ke jikin faifan ta zo daidai da 'yar kibiyar da ke jikin inji. Sannan na miƙe na leƙa faifan sama.

Akwai ɗigon farin fenti a kan haƙori ɗaya, kuma ya tsaya cif a kan alamarsa.

"Baba, alamar ta hau."

"Ta hau?"

"Sama da ƙasa. Daidai."

Baba ya ɓata fuska. Kunnensa ya ce tayimin, idona ya ce ba shi ba. A shekara biyun nan ban taɓa ganin kunnen Baba ya yi ƙarya ba. To ko faifan ƙasan ne ya zame? Na ɗauko doguwar sukurudireba na zura ta ramin fulogi na ɗaya har ta taɓa kan fistin, na ce wa Mai Kemis ya riƙe ta da yatsa biyu.

"Kada ka danna. Ka gaya mini in ta daina hawa."

Na mai da injin baya kaɗan, na sake kawo shi gaba a hankali.

"Tana hawa... tana hawa... ta tsaya!" Ya faɗa da ƙarfi kamar wanda ya tsinci wani abu.

Na duba ƙasa. Alamar na kan kibiya. Ke nan ƙasa ba ta da laifi. Na koma sama da tocila da tsumma. Na goge faifan haƙori bayan haƙori, sai ga ta: 'yar tsaga siririya da aka yi tun daga masana'anta, datti ya cike ta. Ba a kan haƙorin da aka ɗiga wa fenti take ba. Tana kan na kusa da shi, kuma ba ta ƙaraso alamar ba.

"Baba! Haƙori ɗaya baya. Fentin ƙarya ne."

"Bel ɗin ya saki ne?"

Na danna shi da babban yatsa. Tsoho ne, bayansa ya fara tsattsagewa, lokacin canza shi ya yi. Amma a ɗaure yake tamau, kuma na bi haƙoransa da tocila, ko ɗaya bai karye ba.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Bel yana tsallake haƙori da kansa in ya saki, ko in haƙoransa sun cinye. Wannan bai saki ba, bai cinye ba. Ke nan cire shi aka yi aka mayar. Kuma wanda ya mayar ba ɗan koyo ba ne, don komai ya ɗauru yadda ya kamata, ko waya ɗaya bai bari a sake ba. Mutum ya iya aiki haka, sannan ya kuskure haƙori ɗaya, sannan ya bi kuskuren ya ɗiga masa fenti?

Na kankare fentin da farce. Ya ɓanɓaro kamar ɓawo, yana ɗan ƙyalli. Na kai hanci.

"Wannan ba fenti ba ne ma. Jan farce ne. Fari, irin mai ƙyalƙyalin nan."

Baba ya miƙo hannun hagu. Na ɗora masa ɓawon a tafi. Ya daɗe yana kallonsa, ya rufe hannun.

Na juya wurin Mai Kemis. "Wa ya taɓa motar nan?"

"A gida ne."

"Wa a gida?"

Ya cire tabarau ya hau gogewa da bakin riga. "Ki gama tukuna. Na yi alkawarin ba zan faɗa ba sai ta tashi."

Alkawari? Da wa? Na so in matsa, amma inji a buɗe ba ya son hira biyu. Na sa ƙarfe na riƙe faifan ƙasa, na ba babban notin ƙarfi har ya yi ƙara ya saki, na zare fuli, wato tayar da bel ɗin waje ke hawa, da murfin ƙasa. Na sassauta tenshina, wato 'yar tayar da ke danne bel don kada ya saki, na zare tsohon bel ɗin na miƙa masa. Ya karɓa hannu biyu kamar an ba shi jariri.

"Daga yanzu kada kowa ya taɓa komai," na ce. "In bel ba ya kai, sama ba ta san abin da ƙasa ke yi ba."

Na juya famfon ruwa da yatsa, ba ya ƙara, ba ya yoyo, Baba ya ce a bar shi. Na canza tenshinar da sabuwar da ya kawo. Sannan na ɗora sifana a kan faifan sama na matsa shi gaba kaɗan, tazarar haƙori ɗaya tak, har tsagar gaskiyar ta zauna a kan alamarta. Na fito da sabon bel daga kwali, na duba kibiyar da ke bayansa don kada in juya shi. Na fara daga faifan ƙasa, na ja shi sama ta gefen da ba tenshina, a miƙe ba lanƙwasa, na zaunar da shi a faifan sama, na bi da shi ta famfon ruwa, tenshina a ƙarshe.

Ina cikin haka ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda Baba ba zai ji ba.

"Na fi wata uku da sani."

Hannuna ya tsaya.

"Ni nake ba ki maganin Baba duk wata. Na san aikin maganin. Kuma ta gaban shagona motocin da ke fita daga nan suke wucewa, lafiya lau. Ban iya inji ba, amma na iya haɗa ɗaya da ɗaya. Ran nan kuma kin miƙo mini takardar likita da shatin babban yatsa a gefenta."

"Shi ne ka yi shiru kana kallona ina ɓoye hannu a mayafi kamar mai kuturta?"

"Na ga ba ni kike ɓoye wa ba. Shi kike rufa wa."

Na mai da kaina kan inji na ce, "Miƙo mini sifana sha biyu."

Ya miƙo mini sha huɗu. Baba ya ce, "Ɗana, wadda ke kusa da ƙafarka." Ashe yana ji.

Na saki tenshina ta kama bel, na ɗaure. Na koma kan soket na juya injin da hannu, juyi biyu cikakku, a hankali, ina sauraron ko wani abu zai tokare.

"Me ya sa biyu?" Har yanzu bai gaji ba.

"Sai na ƙasa ya juya sau biyu na sama yake juya sau ɗaya. In na tsaya a ɗaya ban ga komai ba. Kuma in akwai kuskure gara hannuna ya ji shi, da makulli ya ji shi."

Ba abin da ya tokare. Na duba ƙasa, daidai. Na duba sama, tsagar na zaune a wurinta. Baba ya taso da kansa, ya sunkuya, ya ɗora babban yatsan hagu a kan faifan yana bin haƙoran, leɓensa na motsi. Ya miƙe.

"Rufe."

Mayar da kaya ya ci kusan awa guda. Murfi, fuli, ƙafar inji, bel ɗin waje, fulogi, taya, kan batir a ƙarshe. Azahar ta gota lokacin da na sauke jak. Na ce masa ya tayar.

Bugu ɗaya ta tashi. Ta zauna lif, ba tari, ba kakkarwa. Baba ya ɗauki kofin ruwan da na kawo tun safe ya ɗora a kan inji, ruwan ko motsin kirki bai yi ba. Mai Kemis ya fito ya zagaya motar, ya dawo ya tsaya gaban Baba, ya ɗan rusuna.

"Baba, abin da na gani yau, a nan zai tsaya."

Baba ya dube shi. Sai ya zaro hannun dama daga aljihu, yana rawarsa, ya miƙa masa. Suka gaisa. Na juya na hau tattara sifanu don kada a ga idona.

"Ta tashi," na ce masa yana shiga mota. "Wa ya taɓa ta?"

"Bari in kai ta gida a ji ƙararta. Zan turo miki." Farin wandonsa ya tashi daga aiki, shi ko a jikinsa.

Cikin gida kuwa ba sai na ba ku labari ba. Umma ba ta yi mini faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta kalli rigar ruwan zumar, inda mai ya ratsa rigar aiki ya yi mata taswira a ciki, ta ce, "Kin huta." Saƙon muryar Yaya guda shida na samu a waya, na buɗe na farko kawai: "Auta, wai da gaske a gabansa? A GABANSA? Ke wace irin..." Na kashe. Na yi wanka, na yi salla, na saka tsohuwar rigata ta zaman gida, na kwanta ina kallon silin. Abin mamaki, ba aure nake tunani ba. Jan farcen nan nake tunani.

Biyar saura kwata saƙon ya shigo. Na karanta sau biyu, na tashi ko takalmi ban saka ba na nufi gareji. Baba na zaune yana goge sifanu da hannu ɗaya, ya danne tsumman da gwiwa. Umma ta kawo masa shayi, tana tsaye ta ba ni baya.

"Baba, ka ji wanda ya taɓa motar."

Na karanta musu:

"Mahaifiyata ce. Ban taɓa gaya miki ba, shekara ashirin da biyu ta yi tana gyaran manyan motoci kafin ta ajiye. Na faɗa mata zargin da nake yi a kanki, ta ce baki ba ya gyara mota, ta karɓi makullina ranar Laraba. Yanzu ta sa na tayar, ta saurara, ta buɗe murfin sama ta duba. Ta ce wanda ya bi fenti ba bakanike ba ne, ke ba ki bi ba. Tana son ganinki gobe da hantsi, wai ki zo da rigar aikinki. Ta kuma ce a gaida babanki, a tambaye shi ko har yanzu yana ƙirga haƙora da babban yatsa yana motsa baki."

Ina dariya na ɗago, ina jiran in ga fuskar Umma.

Ba wanda ya taya ni. Tsumman ya zame daga gwiwar Baba ya faɗi, bai ɗauka ba. Umma ta juyo a hankali, ba ni take kallo ba, shi take kallo.

"Ita ce?"

Baba ya gyaɗa kai. "Tun da na ga farin nan na sani. Haka maigidanmu da ya koya mana aiki yake gwada mu. Ni da ita kaɗai muka taɓa ci."

"Baba, ka san ta? A ina? Yaushe?"

Ya kau da kai. Umma ta ajiye kofin shayin a kan durom, a hankali ƙwarai, har ban ji ƙararsa ba. Ta miƙo mini hannu.

"Ba ni wayar nan."

"Umma, ai cewa ta yi tana son..."

"Ba inda za ki gobe. Shi ma ki gaya masa kada ya ƙara tako ƙofar gidan nan."

Na kalli Baba, ina jiran ya sa baki. Ya sunkuyar da kai yana juya sifana a hannunsa. Wayar ta sake yin ƙara a tafina, na saci kallo kafin Umma ta karɓe. Ba lambarsa ba ce, baƙuwar lamba ce, layi ɗaya:

"'Yata, in sun hana ki zuwa, ni zan zo."